Ranar da Gawa Ta Zaɓi Dafite

Na yi yawon duniya daidai gwargwado, na kuma ga abubuwan da in na ba jikokina labari sai su ɗauka tatsuniya nake yi musu. Amma da za a ce in zubar da duk abin da ke cikin kaina in bar guda ɗaya, to, wanda zan bari shi ne abin da ya faru a garin kawunnena, wani ƙauye da ke bakin fadama tsakanin Kiyeshe da Dogon Dutsi, a shekarun ƙarshe na mulkin Nasara. Wannan kam ba zan manta da shi ba, ina jin da shi za a sa ni kabari.

Maganar ta taubashina ce, ɗan ƙanen mahaifiyata. Ubansa ya rasu tun yana rarrafe, sai baffansa ya ɗauke shi. Baffan nan, wato babban kawuna, shi ne mai ƙasa na garin. Mutanen garin anna ne a lokacin, masu bin tsafi, kuma a wurinsu mai ƙasa ya fi sarki nauyi, ko da yake ba shi da doki ba shi da dogari. Shi ke buɗe daji, shi ke fara jefa iri a ƙasa, ba mai shuka sai ya shuka. In an yi rigimar iyakar gona, ko Filani sun zo shayar da dabbobi a fadama da rani, bakinsa ne yanka. Amma sarautar da igiyarta take tafe: mai ƙasa ba ya sa takalmi, ba ya hawan doki balle mota, kuma ba ya kwana a wajen ƙasar garin har ya mutu.

Da Nasara suka ce kowane gari ya ba da yaro a kai lakwal, wato makarantar boko, masu iko suka ɓoye nasu 'ya'yan, aka duba aka ga maraya, aka miƙa shi. Haka taubashina ya shiga boko, ba da son kowa ba. Daga Dogon Dutsi aka wuce da shi Yamai, daga Yamai aka kai shi har bakin teku a ƙasar Sanagal, ya dawo mushe, malamin makaranta, Musulmi mai kiyaye salla, Faransanci a bakinsa kamar a can aka yanke masa cibiya. Ni kuwa tawa makarantar hanya ce. Na yi soja a yaƙin Nasara, na dawo na shiga fataucin goro, na zauna Kumasi, na leƙa Ikko, na sha ruwan Tafkin Cadi. A haka na tsinci Zabarmanci da Fillanci da Tonanci, da Faransanci irin na bariki wanda taubashina ke cewa in na yi shi kunnensa ciwo yake.

Da aka buɗe ƙofar siyasa, aka ce baƙar fata ma za su zauna majalisa a Yamai, sai ya tsaya. Ya kira ni ya ce in zo in zama bakinsa, tun da shi ya san magana da Nasara, ni na san magana da kasuwa. Muka zagaye Arewa, wato ƙasar Dogon Dutsi, a bayan wata tsohuwar mota, daga kasuwar Dogon Dutsi har Gesheme da Tibiri. Ya hau bisa mota ya yi jawabi, in akwai Filani in juya musu, in akwai Zabarmawa in juya musu. Mutane da yawa a lokacin ba su gane abin da ake nufi da jefa takarda cikin akwati ba. Sai ya riƙa yi musu bayani da haƙuri, kuma kullum da magana ɗaya yake rufewa: zaɓin jama'a ba a yi masa gardama. Har yara suka haddace, in motarmu ta shigo gari sai su bi mu suna rera ta kamar waƙa. Ya ci zaɓe, ya zama dafite, wato ɗan majalisa.

Gaskiya zan faɗa, bai ci amana ba. Na ga 'yan siyasa a Kumasi, na gan su a Ikko, na san yadda kujera ke kumbura mutum. Shi bai kumbura ba. Ya yi faɗa a kan lanho, wato harajin kai da ke korar samari su tsallake iyaka zuwa ƙasar da Ingilishi ke mulki. Babban burinsa kuwa a gina gidan likita a yankinmu, don mata su daina mutuwa a bisa amalanke kafin a kai Dogon Dutsi, kuma maganar ta yi nisa, saura kaɗan. Sai dai Yamai gari ne mai cin mutum a hankali. Yau taron jam'iyya, gobe liyafar gwamna, jibi tafiya Dakar. Garinsu ya koma wurin da yake wucewa, ya ɗaga hannu daga cikin mota.

A cikin haka wasu ma'auna ƙasa suka zo daga bariki suka kakkafa turakun ƙarfe a fadamar garin. Aka ce za a yi gonar gwaji ta auduga. Fadamar nan kuwa ita ce ran garin, a nan suke rogo da dankali in gero ya ƙi, a nan rijiyoyin da Filani ke shayarwa suke. Tsofaffi suka aiko wa dafite har Yamai, ba sau ɗaya ba. Kowane zuwa ya karɓe su hannu biyu, ya sa a yanka musu kaji, ya ce in an zauna zai ta da maganar. Ana zama, wata babbar magana ta danne ta. Ni da kaina na sha raka su tasha ina ba su haƙuri.

Da bazara, hadari ya fara haɗuwa a gabas amma bai zubar ba, sai kawu ya rasu. Saƙon ya same mu a Dogon Dutsi, mun zo taron jam'iyya. Muka kama hanya da sassafe, da niyyar mu yi jana'iza mu juya, don jibi ake komawa majalisa, kuma a wannan zaman ne za a yanke maganar gidan likita.

A nan sai na yi wa wanda ba ɗan Arewa ba bayanin tarkama. In mai ƙasa ya mutu, ba a taruwa a yi shawarar wanda zai gaje shi. Gawar ake tambaya. A naɗe ta, a ɗaure a bisa makara, maza huɗu waɗanda ba 'yan gidan ba su ɗauka a ka. 'Yan gidan maza su jeru a fili. Wani tsoho ya yi wa mamacin magana kamar yana raye, ya ce ya nuna wanda ya bar wa ƙasa. Daga nan makara ta fara rinjayar masu ɗauke da ita, ta ja su, har ta je ta dunguri mutum. Wanda ta dungura shi ne, kuma ba a tambayar gawa sau biyu. A ƙasar Tonawa, can Kumasi, na ga irin wannan, amma su tambayar gawa suke wa ya kashe ta. Na tuna har na taɓa ce wa wani abokina Batone, ku kuna aiken mamaci ya kamo muku ɓarawo, mu muna aikensa ya naɗa mana shugaba, ka ga mun fi ku ba shi girma.

Ba wanda ya yi shakkar inda makara za ta nufa. Kawu yana da babban ɗa, dattijo mai furfura, wanda tun yana saurayi shi ke riƙe masa ƙwarya da wuƙa a wurin tsafi, ya san kowane dutse da kowace iska da sunanta. Shi ya tsaya a tsakiyar jeri. Taubashina kuwa bai ma shiga jerin ba. Ya gaisa da mutane, ya koma can baya ya jingina da mota, cikin rigar Nasara da takalmi sau-ciki mai igiya, yana duban agogo. Ni ɗan mace ne, ba ni da gado a gidan, sai na je na tsaya kusa da shi.

Na ce masa, “Mushe, ƙara matsawa baya, kar tsoho ya hangi takalmin ga naka ya yi sha'awa.”

Ya ce, “Kai dai bakinka na dillalan Kumasi na. Da mai yawon banza shi ka so, ai da kai za ya ɗauka.”

Muna cikin murmushi aka ɗaga makara. Makaɗa suka sa goge, mata suka yi tsit. Da farko masu ɗauka suka tsaya cik, sai makarar ta yi gaba ta yi baya kamar kwalekwale a bakin gaɓa. Can ta ja su. Ta bi jerin daga wannan kai zuwa wancan, ta zo daidai babban ɗan, ta ɗan tsaya. Kowa ya sa rai an gama. Sai ta juya. Ta keta jerin, ta keta taron mata har suna faɗuwa a kan juna, ta miƙo sak inda muke. Ni na zaci motar take so ta kauce wa. Taubashina ma haka ya zata, ya zagaya ta ɗaya gefen don ya ba ta hanya. Ta bi shi. Ya ja da baya har bayansa ya haɗu da ƙofar mota, kan makarar ya zo ya dungure shi a ƙirji, ya ja, ya sake dungurarsa. Hularsa ta faɗi ƙasa. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, amma ba wadda ta taya ta, don kowa ya ga fuskarsa.

Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a tsaye ba sai ran nan. Da ya samu bakin magana, ya roƙi tsofaffi su ba shi zuwa la'asar. Suka ce babu laifi, amma gawa ba za ta shiga rami ba sai ya amsa, kuma ya sani in ya ƙi, bana ba mai shuka a garin, don ba wanda zai fara jefa iri.

Muka koma gindin wani gawo, ni da shi. Ni fa raina a ɓace yake, kuma na faɗa masa duk abin da ke cikina. Na ce na ga duniya, na san makara ba ta da ƙafa, wuyan mutane ke tafiya da ita. Na ce ya dubi masu ɗaukar nan, biyu daga ciki surukan mutanen jam'iyyar da muka kayar ne, wa ya sani ko turo su aka yi don a raba shi da kujera ba tare da an jefa ko takarda ɗaya ba. Na ce kuma na lura da babban ɗan, ko gezau bai yi ba da makara ta wuce shi, kamar wanda ya san da maganar tun jiya. Na tuna masa gidan likita. Na tuna masa cewa shi mai salla ne, me ya haɗa shi da zubar da jinin baƙin bunsuru a kan dutse. Na ce ya tashi mu shiga mota, in sun ga hadari ya zubar, yunwa za ta koya musu shuka.

Shi kuwa yana ta tonon ƙasa da tsinke. Sai ga mahaifiyata ta taho tana dogara sanda. Ita ce gwaggonsa, kuma ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka haife shi. Ta zauna a kan saiwar gawon, ta dube ni ta ce in rufe mata baki, tun daga can take jin muryata kamar ana cinikin jaki. Sannan ta juya gare shi, ba faɗa ba kuka.

Ta ce, “Ɗana, ran da gardin Nasara yaz zo ɗaukar yaro, ni nir riƙa hannunka har bakin gari. Kana kuka ina kuka. Baffanka ya ce mini in yi haƙuri, ba kyauta munka ba Nasara ba, aro na. To, aro kau, komi daɗewa maida shi a kai.”

Ya ce mata, “Gwaggo, ai aikinku ni kai can.”

Ta ce ta sani, kuma ba wanda ya ce ya ci amana. Amma su turakun ƙarfe a fadamarsu suke, ba a Yamai ba. Ta tashi ta tafi abinta, ta bar mu.

Ya ajiye tsinken. Da ya ɗago, sai na ga har ya ɗan yi murmushi, irin wanda yake yi in ya kama ni a gardama.

Ya ce, “Taubashi, kai ka ce wuyan mutane na. To, mu ɗauka hakanan na. In iskoki sunka turo ta, wannan tsakaninsu da tsoho, ni Allah ɗaya ni sani. In kau mutane sunka turo ta, mi a sunan wannan in ba ƙuri'a ba? Mi ni ka ce musu kullum bisa mota?”

Na san amsar, don ni na sha juya ta cikin harsuna uku.

Ya ce, “Waccan ƙuri'a ni nir roƙe ta. Wagga ban roƙa ba, kuma ba wanda anka ba ko gishiri.”

Da la'asar ya yi alwala ya yi sallarsa a gaban kowa, a nan gindin gawo, don kada wani ya ce bai gani ba. Sannan ya je gaban tsofaffi ya ce yana da sharaɗi ɗaya: ba zai bar salla ba, kuma hannunsa ba zai yi yanka a wurin tsafi ba. Na zaci a nan maganar za ta watse. Sai babban ɗan, wanda makara ta tsallake, ya ce wuƙa dama a hannunsa take tun tsoho na da rai, ba sabon abu ba ne. Ya ce sallarsa tasa ce, ƙasa kuwa ta kowa ce. Ya durƙusa, dattijo da furfurarsa, ya kama kwance igiyar takalmin ƙanensa. Bai iya ba, don bai taɓa kwance irinta ba, sai ƙara ƙulle ta yake. Taubashina ya sunkuya ya taya shi. Ya taka ƙasa da tafin ƙafa fari sol kamar na jariri, ƙasar kuwa da zafi, na ga yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya. Mutane suka yi dariya, wasu suna share hawaye. Aka rufe kawu kafin rana ta faɗi.

Ni aka aika Yamai in faɗa. Shugabannin jam'iyya suka ce asiri aka yi masa. Wani Bature a ofishin gwamna ya sa na maimaita labarin, yana dariya har da riƙe ciki, ya ce shekara da shekaru suna ilimantar da mutum, gawa ta ƙwace shi da rana tsaka. Aka ba wani kujerar.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba, don ƙarya ba ta kamaci mai furfura ba. Gidan likitan nan, da babu mai tsaya masa, wani yanki aka kai shi. Mun daɗe ƙwarai kafin mu samu namu, kuma a tsakanin akwai matan da suka tafi a bisa amalanke ba su dawo ba. Ya san da haka, kuma na san abin ya ci shi har ya mutu. Fadamar ma ba duka ta tsira ba. Da ma'auna suka dawo bayan damina, suka tarar da mai ƙasa ba takalmi yana jiran su a bakin rijiya, ga ardon Filani a gefensa, aka yi ta ja-in-ja har kumandan Nasara na bariki ya zo da kansa. Aka yanki gefen yamma aka yi gonar audugar, wadda ba ta yi shekaru ba ta mutu. Rijiyoyi da gefen gabas suka zauna hannun masu su, har yau jikokinsu ke ci.

Abokan zamansa na majalisa kuwa, da aka samu mulkin kai wasu sun zama ministoci, wasu sun ƙare a kurkuku, wasu sun mutu a gudun hijira. Shi yana nan gindin gawonsa, yana raba rigimar gona, yana koya wa yaran garin karatu a ƙasa da tsinke. Duk sanda na dawo daga tafiya nakan biya in kai masa goro, in tsokane shi in ce ranka ya daɗe dafiten kaji da awaki. Shi kuma ya ce in ba shi labarin duniya, tun da ni Allah bai ba ni gindin zama ba. Tafin ƙafar nan fari ya zama kamar fatar ganga.

Bayan shekaru da yawa na samu ɗaya daga cikin masu ɗaukar makarar nan, ya tsufa tukuf, na tambaye shi tsakani da Allah ko su suka karkata ta. Ya dube ni ya ce, Alhaji, ka taɓa ɗaukar gawa a ka, gari duka na kallonka da abu ɗaya a zuciya? Na ce a'a. Ya ce to shi ma har yau bai san wa ya ja wani ba.

Ni Musulmi ne, na je Makka, ban ce mamaci yana zaɓe ba, Allah shi ne masani. Amma na ga zaɓe iri-iri a ƙasashe iri-iri, na ga na akwati, na ga na ɗaga hannu, na ga na bindiga. Abin da na lura shi ne, kusan duka sukan ɗauke wanda aka zaɓa su kai shi nesa da waɗanda suka zaɓe shi, har ya zama sai an yi guzuri kafin a gan shi. Na garin kawunnena kaɗai na gani ya kamo mutum daga nesa, ya tuɓe masa takalmi, ya zaunar da shi inda ƙasar da ke ƙona jama'a za ta ƙona shi. Abin da na koya ran nan ke nan: wakilci ba a bakin mutum yake ba, a ƙafarsa yake. Shi ya sa har gobe, in 'yan takara sun zo ƙofar gidana da motoci da lasifika, nakan bar su su gama jawabinsu, ni kuwa takalminsu nake kallo, ina tambayar kaina ko wannan zai yarda a kwance masa igiya.